Wace Rana Ka Sani?

Shafi na 21

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya, to ga Lanetta nan, ku matsa ku ba ta wuri. Ke kuma da kika ce na cika tausayinta, ki karanta wannan tukuna mu ji ta bakinki.

Sau huɗu Lanetta Dansby ta karanta wasiƙar a cikin mota kafin ta yi shirin fitowa.

Sati uku ke nan da ta ci jarrabawar zama wakiliyar inshora. Ta je ta dangwala yatsu, ta cike fom ɗin neman lasisi, da ta zo inda aka tambaya ko kotu ta taɓa kama ta da babban laifi ba ta yi wata-wata ba ta rubuta e. Abin ya shekara goma sha shida. A tunaninta iyakaci a kira ta babban birnin jiha, a ɗan yi mata tambayoyi, a ja mata kunne, a miƙo mata lasisinta.

Ashe ba haka abin yake ba.

Wasiƙar hukumar inshora ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce an hana ta ba. Cewa kawai ta yi, a dokar Amurka duk wanda aka taɓa kamawa da babban laifi na ha'inci ko cin amana ba shi da damar taɓa aikin inshora sai da rubutaccen izini daga kwamishina. Duk wanda kuma ya bar shi ya yi aikin alhali ya san tarihinsa, shi ma ya shiga laifi, kuma hukuncin yana iya kaiwa shekara biyar a gidan yari.

Wata goma sha huɗu Lanetta ta yi a teburin gaba na ofishin Mista Cleotis Harbin. Ita ke amsa waya, ita ke buɗe fayil, ita ke cika wa tsofaffi fom idan idonsu ya gaza. Ranar da ya ɗauke ta ko takarda ɗaya bai sa ta cike ba, hannu kawai suka gaisa ya nuna mata kujera. Bai tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

Abin da ya dame ta ke nan. Muddin bai sani ba, tsohon nan ba shi da laifi. Da zarar ta buɗe baki kuwa, dole ya sallame ta gida har izini ya fito, in ma zai fito. Ga shi kuma fom ɗin neman izinin ba ya cika sai mai ofis ya cike nasa shafi ya rantse a kai.

Ta duba fuskarta a madubin mota, ta goge gefen ido, ta fito.

Tun daga bakin ƙofa ta jiyo muryar Ɗan'uwa Purvis, manomin kankanar nan da ba ya iya magana a hankali ko a coci.

"Ni fa ban buge barewa ba, Cleotis! Ita ta buge ni!"

"To ai sai ka kai ta ƙara."

"Ka rubuta yadda na faɗa maka. Ina tafiyata a hanyata, ta fito daga cikin auduga ta yi min karo."

"Barewa ta uku ke nan a shekara biyu, Purvis. Ko dai ka ci musu wani abu ne?"

"Ka ji shi ko! Mis Lanetta, gara da kika zo. Wannan tsohon tun muna makaranta ba ya jin magana."

Ta yi murmushin dole, ta karɓi hotunan a-kori-kurar da gabanta ya lotse, hannunta ya miƙa kan fayil kamar kullum. Sai ta tuna. Ta janye hannun a hankali, ta ajiye hotunan a gefen tebur.

"Ɗan'uwa Purvis, ka bar su a nan. Yallaɓai zai duba da kansa."

"Shi? Ai sai barewar ta haihu ta yi jikoki."

Ya fita yana dariya, ƙararrawar ƙofa ta kaɗa ta yi shiru. Ba a jin komai sai fankar sama.

Mista Cleotis na zaune a ofishinsa na ciki da kwanon dafaffiyar gyaɗa a gabansa, tabarau a ƙarshen hanci. Shekararsa saba'in da ɗaya, talatin da takwas daga ciki a wannan kujerar ya yi su. Dikin ne kuma, wato dattijon coci. A garin nan namu, in guguwa ta ɗauke maka rufin ɗaki, shi kake fara kira kafin ka kira ɗan'uwanka.

"Mis Lanetta, yau ko kofi ba a ɗora ba. Lafiya?"

"Yallaɓai, ina son magana da kai."

"Ai magana muke."

"In rufe ƙofa?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ya ture kwanon gyaɗar gefe, ya goge yatsunsa da hankici ɗaya bayan ɗaya.

"Rufe."

Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya. Jawabin da ta tsara a mota kaf ya gudu.

"Akwai abin da ya kamata in faɗa maka tun ranar farko. Ban faɗa ba, kuma ba mantuwa na yi ba, tsoro ne."

"Ina jinki."

"Na taɓa zaman gidan yari. Wata goma sha ɗaya."

Bai motsa ba.

"Ina da shekara ashirin da biyu lokacin. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a can birni, ni ke zama a teburin gaba, kamar nan. Mijina na lokacin ya ji ciwo a baya wurin aiki, aka ɗora shi kan maganin kashe zafi, da likita ya tsayar da maganin shi bai iya tsayawa ba. Sai na ɗauki takardar rubuta magani ta likitan, na rubuta, na sa hannu da sunansa."

Ta gyara riƙon jakarta, ta ci gaba.

"Ba sau ɗaya ba, Yallaɓai. Sau goma sha ɗaya. Kuma ba wanda ya kama hannuna ya tilasta ni. Ni na yi."

Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo baya. Ta san irinsa, ta sha gani. Murya kan yi sanyi, ido kan koma kan agogo, sai a ce za a neme ta.

Sai ta ji ƙarar ɓare gyaɗa.

Ta ɗago. Mista Cleotis na tauna, yana ɗan murmushi kamar wanda aka ba labarin da ya riga ya ji ƙarshensa.

"Shi ke nan?"

"Yallaɓai?"

"Na ce shi ke nan maganar? Haba 'yata. Don wannan kika hana ni kofi?"

"Ban gane ba."

"Na sani, Mis Lanetta. Tun kafin ki tako ƙofar nan na sani."

Jakar ta zame daga cinyarta ta faɗi ƙasa, ba ta ko duba ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"Wa ya kawo ki nan?"

"Mama Ozella mai furanni."

"To. Kin taɓa ganin Ozella Tarpley ta kawo kaya ba ta kwance shi an gani ba? A matakalar coci ta tare ni, ranar Lahadin Ista ta bara. Ta ce Dikin, akwai wata yarinya da ta dawo gida, tana da hankali, tana da hannu mai kyau, amma ga abin da ta taɓa yi. Ba ta rage ko ɗaya ba, har sau goma sha ɗayan. Na ce ta zo ranar Litinin."

"Amma ba ka taɓa..."

"In ce me? In kira ki in ce na ji kin yi kaza? Ba haka aka rene mu ba. Mutum ya biya abin da ya yi, ya dawo cikin mutane, sai kuma in tsare shi a ƙofa ina tono? Na ce ranar da kika ga dama kya faɗa. Ga shi kin faɗa."

Ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa, kuma ni dai ban ga laifinsa ba. Haka garin nan yake. Kowa ya san na kowa, kowa kuma ya iya yin kamar bai sani ba, wannan shi ne ladabinmu. Da shi ake zama kujera ɗaya a coci da wanda ka san komai nasa.

Hawaye suka zubo wa Lanetta. Rabinsu na godiya ne, don ba ta taɓa zaton akwai mai yi mata irin wannan ba. Rabin kuwa na tashin hankali ne tsantsa, don ita ta karanta wasiƙar, shi bai karanta ba.

"Wayyo Allah, Mista Cleotis. Da ma ba ka sani ba."

"Ikon Allah! Yau kuma sani ne ya zama laifi?"

Ta ɗauko jakar, ta zaro takardun, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka karanta sakin layi na uku."

Ya gyara tabarau. Leɓɓansa na motsi yana karantawa. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Murmushin ya tafi kaɗan-kaɗan.

"A'a. Wannan ai ta masu lasisi ce. Masu sayarwa. Ke ba ki taɓa sayar wa kowa da komai ba, na kiyaye wannan sarai."

"Na kira su da safe daga mota, ban faɗi sunana ba. Na tambayi matar da ta ɗauka, na ce mai amsa waya da buɗe fayil fa? Ta ce in dai mutum na taɓa takardun inshorar jama'a, gara ya nemi izinin kafin ya zauna a kujerar."

"Kafin."

"Kafin, Yallaɓai."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana kallon bango, inda lasisinsa na farko ke rataye cikin gilashi, takardar har ta yi ja don tsufa.

"Shekara talatin da takwas," ya ce a hankali. "Duk bayan shekara biyu sai na je na zauna a aji an karanta mana dokoki. Ina zaune a baya ina gyangyaɗi, ina cewa me yaran nan za su koya min."

"Ba laifinka ba ne."

"Na wa ne? Na barewar Purvis?"

Ta kasa dariya, shi ma bai yi ba.

Ya mayar da tabarau, ya jawo fom ɗin, ya buɗe shafin mai ofis. Suna, lambar lasisi, irin aikin da mai nema ke yi, ranar da ta fara. Ya ɗauki biro yana cikewa da rubutunsa mai kwanciya. Ya zo layi na shida, biron ya tsaya.

Lanetta ta san layin, ta haddace shi. A wace rana ka fara sanin hukuncin da aka yanke wa mai nema?

"Yau nawa ga wata?" ya tambaya bai ɗago ba.

"Yallaɓai, kar ka yi."

"Tambayarki na yi."

"Tara ga Yuni."

Ya rubuta. Tara ga Yuni, da shekarar bana. Ya sa ɗigo a ƙarshe kamar mai rufe magana.

"Ba gaskiya ba ne."

"Wa ya sani? Ni, ke, Ozella, sai Ubangiji. Ubangiji ya san zuciyata. Ozella kuma ba ta da surutu."

"Mama Ozella ce ba ta da surutu?"

"A kan abin da ya kamata ta yi shiru, kabari ce. Na san ta tun tana ɗaure gashi da ƙyallen ado."

"Mista Cleotis, ka saurare ni..."

"A'a, ke ki saurare ni." Muryarsa ta ɗan tashi, abin da ba ta saba ji ba. "In na rubuta Ista ta bara, me na ce musu? Na ce ni Cleotis Harbin, da sanina, na zaunar da ke wata goma sha huɗu. Za su ce ban san doka ba? Tsoho mai lasisi tun kafin a haifi wanda zai karanta fom ɗin? In sun ji tausayina su karɓe lasisin. In ba su ji ba, kin karanta da idonki."

"Za mu iya haɗawa da bayani. Mu ce ka ɗauka ta masu sayarwa ce kawai. Gaskiya ce ai."

"Gaskiya ce. Kin tabbata za ta ishe su?"

Ba ta tabbata ba. Shi kuwa ya ci gaba.

"Kuma ba ni kaɗai ba ne. In aka rufe nan, ina Gwauruwa Mosley za ta je? Mil arba'in zuwa ofis na gaba, ba ta tuƙi, ba ta iya waya mai shafawa ba. Lokacin da na buɗe wurin nan, akwai kamfanonin da ba sa tsallako layin dogo su zo unguwarmu ta baƙar fata, ke ba ki ga wannan zamanin ba. Da ƙafa na bi gida-gida. Ba zan bar layi ɗaya a takarda ya share wannan ba."

"To ni fa?"

"Ke ai don ke nake yi! Ki je gida ki huta wata biyu ko uku, izini ya fito, lasisi ya fito, ki dawo. Kin ɗauka don me na matsa miki ki zauna jarrabawar nan? 'Ya'yana biyu suna can birni, ko an ɗaure su ba za su dawo ba. Wa zan bar wa mutanen nan?"

Wannan ba ta taɓa jin sa ba. Ya faɗo mata a ƙirji da nauyi, daɗi da ciwo a haɗe. Shekara goma sha shida tana goge ɗakuna a otal, tana soya kifi a bayan kanti, tana cike fom ana cewa za a neme ta. Yau ga mutum yana miƙo mata ofis sukutum da amanar gari guda. Abin da ya rage kawai ta bar layi ɗaya yadda yake.

"Yallaɓai, ka san shafi na ƙarshe nawa ne? Zan rantse cewa duk abin da ke cikin takardun nan gaskiya ne iyakar sanina. Duka. Har da naka."

"Naki shafin gaskiya ne. Nawa ni zan ɗauka."

"Da ban tambaye ka ba, da haka ne. Amma yanzu na sani."

"To ki manta."

Ta murza yatsunta. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Ranar da na fara sa hannun likitan nan, ba mugunta ce ta sa ni ba. Mutum ne kwance a ƙasan ɗaki yana kuka kamar yaro. Na ce layi ɗaya ne, ba wanda zai cutu, kuma taimako ne. Abin da ya fi ba ni tsoro har yau, ban ji komai ba lokacin. Sauƙi na ji."

"Ba ɗaya ba ne."

"Na san ba ɗaya ba ne. Amma takardar nan fa tambaya ɗaya take yi, ko matar nan ta zama wadda za a yarda da sa hannunta. Shi ke nan abin da suke so su sani. In na same ta ta wannan hanyar, kullum na kalle ta a bango na san amsar."

Mista Cleotis ya miƙe, ya ɗauki hularsa, ya tattara takardun ya daidaita gefensu a kan tebur.

"Kina da shekara talatin da takwas, Mis Lanetta. Kina da lokacin yin irin wannan tunanin. Ni ba ni da shi. Tashi mu je, Ozella na rufewa sha biyu ta tafi cin abinci."

Za ku ce me ya sa ta bi shi. Ni ma na tambayi kaina. Amma wanda bai taɓa zama a gaban mutumin da ya rufa masa asiri wata goma sha huɗu ba tare da ya nemi ko na gode ba, kar ya yi saurin yanke hukunci. Ta tashi, ta bi bayansa.

Shagon furannin Mama Ozella na jikin ofis, bango ɗaya ya raba su. Ban da furanni, ita ce mai hatimin shaida a wannan layin. Duk takardar da doka ta ce sai an rantse a kanta, gabanta ake zuwa, ka ɗaga hannu, ka sa hannu tana kallo, ta buga hatimi ta rubuta a littafinta. Shekararta ta kusa ta Mista Cleotis, kuma a coci ko fasto sai ya duba fuskarta kafin ya tsawaita wa'azi.

Sun same ta tana ɗaure fararen furanni na jana'izar gobe, almakashi a hannu.

"Dikin, in gyaɗa ka kawo min, ajiye. In surutu ne, koma da shi."

"Hatimi muke so, Ozella."

"Lanetta, 'yata, me ya sami idonki?"

"Ba komai, Mama."

"Uhm."

Ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta jawo aljihun tebur, ta fito da hatimi da littafi mai baƙin bango. Ta sa tabarau, ta karɓi takardun.

"Ba aikinki ba ne karantawa," in ji Mista Cleotis. "Sa hannu kawai za ki shaida."

"Shekara nawa kana faɗa min haka?"

Ta karanta abinta a tsanake. Wasiƙar, shafin Lanetta, sannan shafin mai ofis. Yatsarta na bin layi-layi. A na shida yatsar ta tsaya.

Ta ɗago ta kalli Mista Cleotis, kallo mai tsawo. Shi kuwa ya sami wani bokitin furanni a gefe ya zuba masa ido.

"Cleotis."

"Na'am."

"Ni ba alƙali ba ce. Abin da mutum ya rantse a kai, tsakaninsa ne da Wanda ya rantse da Shi. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Kana so ka koma ofis ka sake dubawa? Ba na sauri."

"Na duba."

Ta ja numfashi ta sauke.

"Cire hula. Ɗaga hannun dama."

Ya cire, ya ɗaga. Lanetta ta kalli hannun, hannun da ta saba gani yana riƙe da tiren jibin Ubangiji a coci ko ɗigo ba ya zuba.

"Ka rantse abin da ka rubuta a shafin nan gaskiya ne, Allah na gani?"

"Na rantse."

Ya sa hannu. Mama Ozella ta danna hatimi, ƙarar ta cika shagon. Ta buɗe littafinta ta rubuta sunansa da rana da lokaci, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

Sannan ta juya shafi na ƙarshe, ta tura shi gaban Lanetta tare da biro.

"Ke kuma. Ɗaga hannun dama, 'yata."

Ta ɗaga. Hannun ya yi mata nauyi kamar ta ɗauko bokitin ruwa.

"Kin rantse duk abin da ke cikin takardun nan gaskiya ne iyakar saninki, Allah na gani?"

Lanetta ta zuba wa shafin ido.

Wata mota ta wuce a waje. Firijin furanni na ta gurnani.

"Mama," ta ce da ƙyar, "in mutum ya ce a'a, me ake yi da shafin da aka riga aka buga wa hatimi?"

"Shafin na mai shi ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Littafina kuwa ba a yage masa takarda. Duk ranar da hukuma ta tambaye ni wa ya rantse a gabana yau, zan faɗa. In suka tambaye ni abin da na faɗa a matakalar coci, shi ma zan faɗa. Ban taɓa kai kowa ƙara ba, ban kuma taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

"Ba wanda zai tambaya," in ji Mista Cleotis da sauri. "Mis Lanetta, kalma ɗaya ce. Don Allah."

Ta juya ta kalle shi. Tsoho ne tsaye da hula a ƙirji, gumi na bin wuyan rigarsa, idonsa na roƙonta. Duk duniya ba wanda ya taɓa yi mata abin da ya yi mata. Tana ƙaunarsa kamar uban da ya haife ta, kuma ta san abin da kalmarta za ta iya jawo masa, da abin da za ta jawo wa kanta.

"Hannunki na sama," Mama Ozella ta ce a hankali. "Ina jiranki."

Hawaye na zuba, Lanetta ta sauke hannun. Ta ajiye biron a kan takardar.

"Ka yafe min, Baba. Ban rantse ba."

Hular ta suɓuce daga hannun Mista Cleotis.

Mama Ozella ta mayar da hatimin cikin aljihun tebur ta rufe, ta cire tabarau, ta nuna ƙofa da haɓa.

"Cleotis, juya allon nan ya nuna an rufe. Ba wanda zai fita daga shagon nan sai mun san wace rana za a aika wa mutanen hukumar can."